Sojojin shebur da diga: yanda injiniyoyin Kanada suka yi nasu yaƙin

Daren 25 ga Satumba 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya a gaɓar kogin Rhine kusa da garin Arnhem na ƙasar Holan. A tsallaken arewa akwai ragowar sojojin laima na Birtaniya, mutum wajen 10,000 aka sauke kwana takwas da suka wuce dan su kama gadar garin, gada ba ta kamu ba, Jamusawa suka yi musu ƙawanya a wani ɗan gari Oosterbeek, abinci ya ƙare, harsashi ya kusa ƙarewa, gaba kura baya siyaki. Sai aka ce to a kwaso wanda suka rage. Su wa za su kwaso su? Kamfani huɗu, wato ƙananan rukunoni, na injiniyoyin soja, biyu na Birtaniya masu jirgin tuƙi da hannu, biyu na Kanada, na 20 da na 23, masu kwale-kwalen katako mai inji a baya.

Kwale-kwalen nan nauyi gare shi ba na wasa ba, kuma mota ba ta isa bakin ruwa, dole a kafaɗa suka ɗauke su suka haura ganuwar tare ruwa har guda biyu, ga duhu ga santsin laka ga bama-bamai na faɗowa. Na farko da aka tura ruwa ashe ya huje a hanya. Wanda ya biyo baya ya tafi bai dawo ba, bam ya same shi da mutanen ciki. Haka suka ci gaba, ruwan sama na shiga inji yana mutuwa, makanikai na durƙushe a bakin gaɓa suna gyarawa ana sake turawa. Su kuma sojojin da za a kwaso sun naɗe takalmansu da tsumma dan kar a ji tafiyarsu, suna bin wani farin zare da aka shimfiɗa musu har bakin kogi, kowa riƙe da rigar na gabansa. Kafin gari ya waye an tsallakar da mutum wajen 2,400, kuma mafi yawansu jiragen kamfani na 23 ne suka ɗauko su, ƙarƙashin Manjo Michael Tucker. Wajen asuba lodin da ake wa jiragen ya ninka abin da aka ƙera su su ɗauka, dan kowa ya san in rana ta fito shikenan.

Na fara da wannan ne sabida in ana hirar yaƙi mu dai hankalinmu na kan mai bindiga da mai jirgin sama, ba mai tambayar wa ya yi hanyar da igwa ta bi, wa ya kawo ruwan da dawakai suka sha, wa ya cire nakiyar da ke ƙarƙashin gada. Aikin injiniyan soja kenan, kuma in ka matse shi abu biyu ne, ya buɗe wa mutanensa hanya, ya toshe wa abokan gaba tasu. Gada, titi, rami, kankare, ruwan sha, dasa nakiya da tono ta. Ƙaramin soja a cikinsu sunan muƙaminsa sapa, ba sapar rashin kuɗi da samari ke kuka da ita a intanet ba, kalma ce da ta samo asali daga Faransanci, mai haƙa ramin da ake bi a kusanci ganuwar gari. Na Kanada alamarsu wata dabbar ruwa ce mai datse rafi da itace, takensu kuma kalmar Latin ce, Ubikwe, wato ko'ina, tunda ba wani fagen daga da za a ce babu su. In sun haɗu gaisuwarsu Cimo, daga yaren mutanen Inuit na can arewa mai ƙanƙara.

Asalin abin na Turawan Ingila ne. Bayan yaƙin 1812 da Amurka, Ingila ta tsorata kar wata rana Amurkawa su datse kogin Saint Lawrence, sai ta turo wani injiniyan soja, Laftanar Kanar John By, ya haƙa mashigin ruwa na Rideau daga 1826 zuwa 1832, kilomita 202, leburori da yawa zazzaɓin cizon sauro ya kashe su a wurin, ee, a Kanada. Sansanin aikin nasa shi ya zama gari ana ce masa Bytown, shi ne Ottawa ta yau. Yaƙin da aka haƙa mashigin dominsa kuwa bai taɓa zuwa ba. Kanada ba ta samu rundunar injiniyoyi tata ta dindindin ba sai 1 ga Yuli 1903, kuma ƴar ƙarama ce.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da su wani abu. Abin da ya taimaki Kanada ba wani sirri ba ne, ƙasa ce da a lokacin ake kan gina ta, cike take da mahaƙan kwal da zinariya, masu saran daji, masu shimfiɗa layin dogo, safiyo, kafintoci. Mutumin da ya shekara goma a ƙarƙashin ƙasa yana neman abincinsa ba sai ka koya masa tokare rami da katako ba, kaki kawai za ka sa masa. Da yaƙi ya cije a Faransa da Beljiyam, kowa ya shige rami ya ja wayar ƙaya ba mai iya matsawa, sai aka koma ƙarƙashin ƙasa. Kanada ta kafa kamfani uku na mahaƙa zalla. Aikinsu su haƙa kurman rami har ƙarƙashin inda Jamusawa suke, su cika shi da albarushi. Matsalar ita ce su ma Jamusawan haƙowa suke, dan haka a kan tsaya cak, mutum ya kara na'urar saurare a jikin bango yana kasa kunne ko zai ji ƙarar digar wani. In ka ji ana haƙa, da sauran kwana. In aka yi shiru ko ka ji ana jan buhuna, to loda nakiya ake, ko ka riga shi ko ya riga ka. Suna shiga da ɓeraye da ƙananan tsuntsaye a keji, in tsuntsu ya faɗo to iskar ta gurɓace, kowa ya nemi hanyar fita.

Ranar 7 ga Yuni 1917 da ƙarfe 3:10 na dare aka tashi nakiyoyi 19 kusan lokaci guda a ƙarƙashin tudun Messines na Beljiyam. Mafi girmansu ita ce ta Saint Eloi, wajen tan 43 na abin fashewa, kuma kamfanin mahaƙan Kanada na ɗaya ne ya tashe ta. Har an ce an jiyo ƙarar a Landan. Ramukan da suka bari wasu na nan har yau sun zama tafkuna.

Wata biyu kafin nan aka yi yaƙin tudun Vimy na Faransa, 9 zuwa 12 ga Afrilu 1917, wanda ƴan Kanada ke alfahari da shi kaman me. Anan gaskiya a faɗi, dogayen hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da sojoji suka bi zuwa bakin daga, wasu sun haura kilomita guda har da wutar lantarki a ciki, yawanci mahaƙan Birtaniya ne suka haƙa su. Na Kanada suna sama suna fama da titin katako, da ƙaramin layin dogo na jigilar harsasan igwa, da bututun ruwa da famfuna na shayar da dubban mutane da dubban dawakai. An ci tudun, amma mutum 3,598 suka mutu a kwana huɗu.

To a nan ne matsalar da nake so a gane take, dan ita ce gishirin labarin. Tsarin da ake bi a lokacin, injiniyoyi kaɗan ne a kowace runduna, aikinsu kaman na fomen ne, su zana su auna su nuna, ƙarfin aikin kuma sai a aro sojojin ƙasa. Ka ga mutumin da ya kwana shida a ramin daga, an dawo da shi baya wai ya huta, da dare sai a tashe shi a miƙa masa shebur a ce je ka cika buhun yashi. Bai san aikin ba, ba ya so, kuma gobe wani ne zai zo a madadinsa a sake koya masa daga farko. Ga injiniya na ba da umarni, ga hafsan sojan na cewa yarana ne ba naka ba, tukunya ɗaya masu tuƙi biyu. Aiki bai yi kyau ba, soja bai huta ba. A Passchendaele ta Beljiyam ƙarshen 1917 abin ya fito fili, ruwan sama da ruwan bama-bamai sun mai da filin taɓo zalla, wanda ya zame daga kan katakon da aka shimfiɗa yana iya nitsewa da ransa, igwa ba ta motsi sai an yi mata hanya da dandamali. Janar Arthur Currie, kwamandan rundunar Kanada, wanda kafin yaƙi malamin makaranta ne daga baya dillalin filaye da inshora, ya ƙi kai hari sai an ba shi lokaci an gyara hanyoyi, kuma ya faɗa tun farko cewa wurin zai ci mutum 16,000. Da aka ƙirga wanda suka mutu da wanda suka ji rauni aka samu 15,654.

Sai a 1918 shi da babban injiniyansa, Manjo Janar William Lindsay, suka rushe tsarin gaba ɗaya. Kowace ɗaya daga manyan rundunoni huɗu na Kanada aka ba ta birged guda ta injiniyoyi, bataliya uku, kowace wajen mutum 1,000, da wani sashe na musamman mai kayan gadar kan ruwa da abin ɗaukarsu. An daina aron soja. Mai bindiga ya huta ya yi atisaye, mai gada ya yi gadarsa. Hafsoshi da yawa ba su so ba dan gani suke an rage musu masu faɗa, shi kuwa Currie an ruwaito yana cewa gara ya rasa sojan ƙasa da ya rasa injiniya. Ni a ganina wannan shawarar ta fi duk wata jarumta da ake ba da labari tasiri, duk da ba mai gina mata mutum-mutumi.

An ga amfaninta a watannin ƙarshe, lokacin da yaƙi ya fita daga rami ya koma tafiya, Jamusawa na ja da baya suna karya duk gadar da suka haye. Ranar 27 ga Satumba 1918 rundunar Kanada ta iso mashigin ruwa na Canal du Nord a arewacin Faransa. Mashigin ba a gama haƙa shi ba yaƙi ya ɓarke, wani sashe da ruwa da fadama da Jamusawa suka malale da gangan, wani sashe kuma busasshe, bai kai kilomita biyu da rabi ba. Currie ya ce ta wannan ƴar ƙofar zai cusa dubban sojoji sannan su baje a ɗaya gefen. Kasada ce babba, da igwogin Jamus sun ankara da cunkoson da an yi asarar da ba a taɓa gani ba, manyansa ma sun yi ta ja da shi. Sojojin farko na hayewa injiniyoyi na bin ƙafarsu, wasu na sassare bangon mashigin dan a samu gangara, wasu na harhaɗa gadoji ana harbinsu, tun a ranar igwogi da kekunan harsashi suka fara tsallakawa.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, daren 8 wayewar 9 ga Oktoba, wani Kaftin Coulson Mitchell ɗan garin Winnipeg ya wuce gaban sojojin ƙasa da ƴan mutane kaɗan zuwa gadojin wani mashigi kusa da Cambrai, dan ya hana a tashe su. Ya tarar an riga an karya ɗaya. Ya yanke wayoyin ta gaba, ya ruga ya haye babbar cikin duhu bai san ko mutum nawa ke gadinta ba, shi da sajensa suna cikin yanke wayar nakiya Jamusawa suka taso, ya kashe uku ya kama 12, ya riƙe bakin gadar har taimako ya zo, sannan ya koma ya ci gaba da ciro nakiyoyin alhali ya san ko yaushe za a iya tashinsu da shi a kai. An ba shi lambar Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya, kuma shi kaɗai ne injiniyan sojan Kanada da ya taɓa samunta.

Akwai wasu da aka daɗe ana tsallake su in ana wannan tarihin. Baƙaƙen fata ƴan Kanada da suka je shiga soja a 1914 da 1915, da yawansu kora aka yi, wai yaƙin na farare ne. Da suka matsa da koke sai aka kafa musu bataliyar gine-gine ta biyu ranar 5 ga Yuli 1916 a Pictou, lardin Nova Scotia, hafsoshi farare in ban da limaminsu na coci, Rabaran William White. Mutum wajen 600 suka haye teku a 1917 aka kai su dazukan Jura na Faransa, suna saran itace, suna aiki a injin yanka katako, suna gyaran hanya da ruwa. Katakon da ake shimfiɗawa a laka da wanda ake tokare rami da shi, irin wannan gumin ne ya samar da shi. Sun dawo gida ba kiɗa ba guɗa. Sai 9 ga Yuli 2022 Firaminista Justin Trudeau ya je garin Truro ya nemi afuwa a madadin gwamnati, lokacin ba ko ɗaya a cikinsu da ke raye, jikoki ne suka saurara.

A Yaƙin Duniya na Biyu tun kafin su ga fagen daga an baza su. Mahaƙa aka kai Jibralta, wani katon dutse da Birtaniya ke riƙe da shi a kudancin Sifen, daga ƙarshen 1940 da injin huda dutse mai bakin lu'ulu'u irin na ma'adinan ƙasarsu, suka yi ta rarake dutsen nan ana yin asibiti da rumbuna a cikinsa, duwatsun da aka fasa kuma aka zuba a teku aka ƙara tsawon titin jirgin sama. Wasu suka je tsibirin Spitsbergen na Norway a 1941 suka lalata ma'adinan kwal dan kar Jamus ta amfana. Wasu suka gina filin jirgi na Dunsfold a Ingila cikin ƴan watanni a 1942.

Sai Dieppe, 19 ga Agusta 1942, ranar da ƴan Kanada ba sa mantawa. An kai hari garin da ke bakin tekun Faransa da sojan Kanada kusan 5,000, 907 suka mutu, kusan 2,000 aka kama. Shirin shi ne injiniyoyi su sauka da ƙafa ɗauke da nakiya a baya, su fasa katanga da shingayen kankare da aka toshe titunan garin da su, tankoki su shige. To mutum ne da buhun albarushi a fili fetal kan tsakuwa, mashinga na kallonsa daga tudu hagu da dama. Aka yi ta zubar da su. Tanka 15 sun haye katangar bakin teku, amma ko ɗaya ba ta shiga gari ba, suka yi ta kewaya a fili suna harbi har aka gama da su, sabida masu buɗe musu ƙofa ba su iso ba. Daga wannan asarar ne wani ƙaramin hafsan injiniya na Kanada, Laftanar John Denovan, ya kawo shawarar a ɗauki tankar yaƙi samfurin Churchill a kwashe kayan cikinta a zuba injiniyoyi da kayan aikinsu, su isa wurin aiki a bayan ƙarfe. Aka ɗora mata wata gajeriyar igwa mai jefa bam na kilo 18 dan rusa kankare. Ranar 6 ga Yuni 1944 irin tankokin nan na cikin wanda suka sauka a gaɓar Normandy, har da gaɓar Juno inda ƴan Kanada suka sauka, duk da a can ma an sha wuya, an makara, teku ta cika ta rufe turakun ƙarfe masu nakiya da ya kamata a cire.

Daga Italiya har Holan kuwa labarin duk na kogi ne, ka haye wannan ka tarar da wancan. Abin da ya cece su gadar Bailey ce, ƙirar wani ma'aikacin gwamnatin Ingila Donald Bailey. Dabarar mai sauƙi ce, gadar guntu-guntu take zuwa a mota, kowane allon ƙarfe mutum shida na iya ɗaga shi, a haɗa da ƙusoshi ba walda ba kuren, a harhaɗa ta a wannan gaɓar a kan tayoyi sannan a tura ta da ƙarfin tsiya har hancinta ya taɓa waccan. In ana son ta ɗauki tanka sai a ninka allunan. A Maris 1945 injiniyoyin Kanada suka shimfiɗa irinta kan jiragen ruwa a kogin Rhine wajen Rees da Emmerich, akwai wadda tsawonta ya haura mita 500.

Bayan yaƙi sun yi Koriya, sun kula da babbar hanyar Alaska ta ɓangaren Kanada daga 1946 zuwa 1964, a hankali kuma aikin ya karkata zuwa tono abin da wasu suka binne. Duk wanda ke bin labarin hanyoyin Borno da Yobe ya san me bam ɗin gefen hanya ke yi, kuma ya san dole wani ne zai sauka daga mota ya durƙusa ya lalube shi. Wani kofur mai suna Mark Isfeld wannan ne aikinsa a Kuroshiya, mahaifiyarsa na saƙa masa ƴan tsana da ragowar zaren ulu yana zubawa a aljihu yana raba wa yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita. Nakiya ta kashe shi ranar 21 ga Yuni 1994, abokan aikinsa suka roƙi uwar ta ci gaba da saƙar, har yau mata a Kanada na yi. Shekara uku bayan nan, Disamba 1997, aka sa hannu a Ottawa kan yarjejeniyar haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane, Najeriya da Nijar duk sun shiga, Amurka da Rasha da Sin suka ƙi.

A Afganistan Kanada ta rasa soja 158, mafi yawansu bam ɗin da aka dasa a hanya ne ya ci su. Bayan faɗan da suka kira Medusa a Satumba 2006 a yammacin Kandahar, sai aka ga tsoffin hanyoyin yankin ƙanana ne, masu lanƙwasa, ga katangun laka ko'ina, wurin dasa bam kawai. Aka ce injiniyoyi su fasa sabuwa miƙaƙƙiya, kilomita huɗu da ɗoriya, daga babban titi zuwa yankin Panjwayi, suka sa mata suna Summit. Ƴar wannan tazarar ta ci watanni ta ci rayukan sojojin da ke gadinta. Kuma buldoza ba ta san gonar kowa ba, ta tsakiyar lambunan inabi ta bi ta kan magudanan ban ruwa, an biya diyya, amma manomin da ya gaji kurangar inabi daga kakansa aka niƙe ta a wuni ɗaya, ban jin kuɗi ya sa ya ga hanyar da idon da masu yin ta suka gan ta. Kanada ta daina faɗa a Kandahar a 2011, sojanta na ƙarshe ya bar ƙasar a 2014, a Agustan 2021 kuma Taliban suka shigo Kandahar.